Jiki Magayi a Ma'aunin Froid: Mafarki, Dannewa da Abin da Ciki Ya Ɓoye

1.0 Gabatarwa

Daga cikin littattafan ƙagaggun labarai guda biyar da aka samu sakamakon gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a shekarar 1933 ƙarƙashin Dokta R. M. East, babu wanda ya kai Jiki Magayi ɗaci. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam raha ne da yawon duniya, Ganɗoki na Bello Kagara kirarin jaruntaka ne, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin bauta ne da ƙaddara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo kuwa dabarun ɓarayi ne. Jiki Magayi, wanda John Tafida da shi East suka haɗa hannu suka rubuta, shi ne ya tsaya a kan zukatan mutum huɗu, ya bi diddigin abin da ƙullin zuciya ke haifarwa har ya kai ga ɗa ya kashe mahaifinsa.

Wannan kisa shi ne ke jan hankalin ɗalibin adabi da zarar ya ji labarin Sigmund Froid a aji. Sai ya ce ai ga Edifus nan a ƙasar Hausa, ya ɗauko ra'in ɗungurungum ya kifa wa littafin, ya rufe takardarsa. A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna cewa lalle Froid yana da abin da zai taimaka mana da shi wajen karanta Jiki Magayi, amma ta ƙofar mafarki da dannewa, ba ta ƙofar Edifus ba. Za mu kuma nuna cewa littafin yana da amsar da zai mayar wa Froid, domin inda Froid ya ajiye ɓoyayyen abu cikin kan mutum ɗaya, labarin ya ajiye shi a tsakanin mutane, watau cikin haƙƙin da wani ya ci wani kuma ya biya. Kafin mu kai nan sai mu taƙaita ra'ayin Froid, sa'an nan mu dubi yadda Bahaushe ya ɗauki mafarki.

2.0 Taƙaitaccen Ra'ayin Froid

An haifi Froid a 1856, ya yi aikin likitanci a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya rasu a Landan a 1939. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne marasa lafiya, yawancinsu mata, waɗanda hannu ko ƙafa kan shanye musu, ko murya ta ɗauke, ko su riƙa suma, alhali likita ya duba bai ga wata cuta a jijiya ko a nama ba. A littafin da suka fitar da Josef Breuer a 1895 sun bayyana cewa irin wannan ciwo yakan samo asali daga wani abin baƙin ciki ko abin kunya da mutum ya kasa furtawa, har ya ɓace masa daga tunani, amma nauyinsa bai gushe ba, sai ya fito ta jiki.

Daga nan Froid ya gina ra'insa a kan ginshiƙai uku. Na farko, zuciyar ɗan Adam tana da ɓoyayyen sashe wanda mai ita bai san abin da ke ciki ba. Shi da kansa ya kwatanta al'amarin da ɗakuna biyu da mai gadi a tsakaninsu. In muka mai da kwatancin gidan Bahaushe, sai mu ce akwai zaure inda ake karɓar baƙi, akwai kuma ƙuryar ɗaki inda ake tura duk abin da ba a so baƙo ya gani, har mai gidan ya manta ya ajiye shi. Wannan sashe za mu kira shi ƙuryar zuciya. Na biyu, abin da ke tura sha'awa ko tunani zuwa ƙuryar shi ne abin da za mu kira dannewa, wadda ya rubuta maƙala ta musamman a kanta a 1915. Sharaɗinta kuwa shi ne mutum bai san ya danne ba. Na uku, abin da aka danne ba ya mutuwa, yana neman hanyar komowa ta ciwon jiki, ko ta suɓutar baki, ko ta mantuwa, ko ta mafarki.

Littafinsa na fassarar mafarki ya fito a ƙarshen 1899, ko da yake an buga masa shekarar 1900. A cikinsa ya ce kowane mafarki biyan wata bukata ce da aka danne, amma a ɓad da kama. Ya raba mafarki kashi biyu: zahirinsa, watau abin da mutum ya gani ya kuma tuna da safe, da baɗininsa, watau bukatar da ta haife shi. Tsakanin biyun akwai aikin ɓad da kama, inda akan cure mutane da yawa cikin sura ɗaya, ko a ɗauke nauyin magana daga kan wanda ake nufi a aza wa wani abu maras muhimmanci. Wanda ya taɓa jin kishiya tana zagin kaza a tsakar gida alhali kowa ya san ba da kaza take ba, ya riga ya fahimci wannan dabara. Bambancin kawai shi ne mai habaici ta san wanda take nufi, mai mafarki kuwa, a cewar Froid, bai sani ba.

3.0 Mafarki a Wurin Bahaushe

In mutum ya tashi da mafarkin da ya dame shi a Hunkuyi, ko Kudan, ko Maƙarfi, ko Ikara, ko wani garin ƙasar Zazzau, ba ya rasa abin yi, domin addini da al'ada sun riga sun shimfiɗa masa hanya. Hadisi ya raba mafarki gida uku: akwai ru'uya ta gari wadda bushara ce daga Allah, har aka bayyana ta da cewa yanki ɗaya ce daga yanki 46 na annabci, akwai wanda Shaiɗan ke kawowa don ya tsorata bawa, akwai kuma zancen zuci, watau abin da mutum ya wuni yana saƙawa sa'an nan ya gan shi cikin barci. Mummunan mafarki an ce a yi tofi ta hagu sau uku, a nemi tsari, a juya kwanciya, kada kuma a ba kowa labari. Kyakkyawa kuwa sai a gaya wa masoyi ko malami, sau da yawa a bi shi da sadaka.

Martabar ru'uya a wurinmu ba ƙarama ba ce. Yaro tun yana makarantar allo yake jin labarin Annabi Yusufu da taurari 11 da rana da wata, da shanun sarki bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu. A tarihinmu na kusa kuma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da labarin ru'uyar da ya gani yana da shekara 40, wajen 1794, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya, shekara 10 kafin hijira zuwa Gudu a 1804. Ga kuma littattafan fassarar mafarki da ake sayarwa a ƙofar masallatai da kasuwanni, musamman wanda ake jingina wa Muhammadu ibn Sirin, mutumin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, da na Abdulgani an-Nabulusi wanda ya rasu a 1731.

Abin lura a nan guda biyu ne. Na ɗaya, kashi na uku, zancen zuci, shi ne filin da Froid ya yi noma a cikinsa. Bai zo da shi sabo ba. Abin da ya yi shi ne ya ce duk mafarki daga nan yake, ya kuma ƙara da cewa zuciya tana iya yin zancen da mai ita bai ji ba. Musulmi ba zai yarda da rabin farko na wannan magana ba, amma rabi na biyu bai saɓa wa abin da malaman sufaye suka daɗe suna faɗa game da makircin nafsu ba. Na biyu, masu fassara na ƙwarai ba su taɓa ɗaukar mafarki kamar ƙamus ba. Sanannen labari ne da ake ba da shi game da Ibn Sirin cewa mutum biyu sun zo masa kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi aikin hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, domin ya dubi halin kowannensu kafin ya buɗe baki. Froid ma hanyarsa ita ce ya bar mai mafarki ya faɗi duk abin da kowane yanki na mafarkin ya tuna masa. Inda ya kauce wa wannan hanya ya koma jera alamomi, har maciji da sanda da wuƙa duk suka zama al'aurar namiji, a nan ne ya fi rauni. Bahaushe in ya ga maciji a mafarki maƙiyi yake tunawa, kuma manomin fadama yana da dalilinsa na ganin maciji wanda bai shafi sha'awa ba ko kaɗan.

4.0 Barcin Malam Shaihu

Yanzu sai mu koma ga littafin. Malam Shaihu attajiri ne a garin Galma, yana da dukiya da mata, amma ba shi da ɗa. Zainabu kuwa budurwa ce wadda suke son juna da saurayi Abubakar. An nuna wa Malam Shaihu cikin barci cewa ta hanyar Zainabu zai sami haihuwa, sai ya sa dukiyarsa ya raba ta da Abubakar ya aure ta. Aka haifi ɗa, ana kiransa Kyauta. Abubakar ya fita yawon neman asirin da zai rama, ya sha wuya har ya samu, Kyauta ya lalace ya zama ɓarawo, daga ƙarshe ya kashe uban nasa wajen sata ba tare da ya san ko wane ne ba.

Tambayar da ya kamata mai nazari ya yi ita ce: a wane gida daga cikin gidajen nan uku za mu sa abin da Malam Shaihu ya gani? Shi dai ya sa shi a gida na farko, ya ɗauke shi umurni daga sama. Zahirin labarin ma kamar ya goyi bayansa, tun da ga ɗa an haifa. To amma bushara ba ta ƙarewa da wuƙa a hannun ɗan da aka yi busharar da shi. In muka duba da idon Froid, ko ma da idon kashi na uku na hadisi, sai mu ga mutum ne wanda rashin magaji ya daɗe yana ci masa rai, ga dukiya ba mai gado, ga bakin mutane. Irin wannan mutum in ya kwanta me zai gani in ba ɗa ba? Barcin ya ba shi abu biyu a haɗe: ɗan da yake bege, da budurwar da girma da kunya ba za su bar shi ya ce yana so don kansa ba. Sha'awa ta sa rigar neman zuri'a, neman zuri'a kuma ya sa rawanin umurni. Wannan shi ne ɓad da kamar da Froid yake magana a kai, kuma amfaninta ga Malam Shaihu a fili yake: ta ɗauke masa nauyin tambayar kansa ko ya halatta ya shiga neman wani.

A nan ne kaifin littafin yake. Matsalar ba ta ga mafarkin, tana ga wanda ya yi shi. Da Abubakar ne ya ga an ba shi 'yar attajiri cikin barci, da dariya za a yi masa a ce yunwa ce. Mafarkin mai kuɗi shi ne ke zama gaskiya, domin yana da abin da zai sayi fassararsa. Har gobe akwai gidajen da ake shiga da maganar an yi istihara an ga alheri, alhali ba a tambayi yarinyar abin da ita ta gani ba.

5.0 Haƙuri, Zurfin Ciki da Dannewa

Harshen Hausa cike yake da shaidar cewa mutanenmu sun daɗe da sanin abin da aka haɗiye ba ya narkewa. Murna da damuwa a ciki muka ajiye su, muka ce farin ciki da baƙin ciki. Mai ɓoye damuwarsa mun ce yana da zurfin ciki. Mun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sa'an nan muka juyo muka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda takaici ya kashe mun ce ya haɗiyi zuciya. Hatta abin nan da kan hau mutum cikin barci ya hana shi motsi da magana, sunan da muka ba shi, dannau, daga danne ya fito. Sunan littafin kansa, jiki magayi, karin magana ne da ke cewa abin da baki ya ƙi faɗa, ko kunne ya ƙi ji, jiki zai faɗe shi. Da wuya a sami taƙaitawar littafin 1895 da ta fi wannan.

Sai dai wajibi ne mu bambance abubuwa uku da ɗalibai kan cakuɗa. Haƙuri shi ne mutum ya san abin da ya same shi, ya ji zafinsa, ya miƙa al'amarin ga Allah ya sake shi. Zurfin ciki shi ne ya sani, ya riƙe, ya hana wasu sani. Dannewa irin ta Froid kuwa ita ce shi kansa ya daina sani. Manoman rake da tumatir na fadamun Hunkuyi sun san bambancin ruwan da aka yi wa hanya ya wuce da wanda aka datse: na farko ya shayar da shuka ya tafi, na biyu kuwa zai yi ta jiƙa ƙasa a ɓoye har ya ɓulle a gonar maƙwabci.

Abubakar bai yi haƙuri ba, bai kuma danne ba. Ya san abin da aka yi masa, ya san wanda ya yi, ya ƙulla, ya kuma ba da ƙuruciyarsa ga ƙullin. Wanda ya kira halinsa dannewa bai fahimci Froid ba. Abin da za a iya cewa ya ɓoye wa kansa shi ne son Zainabu da bai mutu ba, domin mutum ba ya ɓata shekaru a daji saboda matar da ya daina so; kuma ramuwar da ya zaɓa, lalata ɗan da ta haifa, ita ta fi kowa shan zafinta.

Wadda ta fi cancantar a nemi dannewa a wurinta ita ce Zainabu. Ita aka ɗauke daga hannu zuwa hannu, ita ta zauna da mijin da ya saye ta daga masoyinta, ita ta haifi ɗan da ya zama makamin faɗan mazan biyu. Al'ada kuma ta riga ta ɗaure mata harshe ta kowace fuska: mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta nuna masa so a gaban jama'a, in ta kai ƙara gida abin da za ta fara ji shi ne ta yi haƙuri. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ta ba da labarin irin wannan kunya da aure-auren da mata ke yi don bin maganar manya, ta kuma yi maganar bori a matsayin abin da ke cikin rayuwar matan zamaninta. Masanin al'adu I. M. Lewis ya kawo ra'ayi a 1971 cewa a al'ummu da dama hawan iska hanya ce da wanda ba shi da bakin magana yake samun a saurare shi, tun da abin da mace ba ta isa ta nema ba, iskan da ke kanta ya isa. Ko mutum ya karɓi wannan ra'ayi ko bai karɓa ba, ya kamata ya tuna da shi in ya ji labarin irin abin da ya auku a makarantun 'yan mata na Kano a 1995 da 1996, inda ɗalibai da yawa suka riƙa faɗuwa ana cewa aljanu ne. Ruƙiyya tana da wurinta, asibiti yana da nasa, amma tambayar yarinya abin da ke damunta ba ta hana ko ɗaya daga cikinsu.

6.0 Kyauta Ba Edifus Ba Ne

A wasan kwaikwayon Sofokilis na tsohuwar Girka, Edifus ya kashe ubansa ya auri uwarsa bai sani ba. Froid ya ce wasan yana girgiza masu kallo ne domin kowane yaro ya taɓa son ya kau da uba ya mallaki uwa, sa'an nan ya danne. Kamar da ke tsakanin Edifus da Kyauta ɗaya ce tak: kisan uba cikin rashin sani. Rabin da Froid ya fi dogara a kansa, watau sha'awar uwa, babu shi a Jiki Magayi, kuma mai nazarin da ya ce yana nan a ɓoye sai ya nuna mana inda ya gan shi. In an ce rashinsa shi ne shaidar an danne shi, to an shiga maganar da ba abin da zai ƙaryata ta, wadda kuwa ita ce sukar da masanin falsafa Karl Popper ya yi wa wannan ra'i baki ɗaya.

Tun da daɗewa masana suka yi shakkar cewa gidan Biyana shi ne gidan duniya. Malinoski ya nuna a 1927 cewa a tsibiran Trobriand, inda iko kan yaro yake hannun kawunsa, ƙiyayyar yaro kan kawu take sauka. Marie-Cécile da Edmond Ortigues, waɗanda suka yi aiki a asibitin Fann na Dakar, sun bayyana a littafinsu na 1966 cewa a wurin marasa lafiyar da suka gani gasa takan karkata zuwa 'yan'uwa da sa'o'i, domin uba ya yi girman da ba a ja da shi. Bahaushe zai gane wannan nan da nan. Kalmarmu ta gaba a cikin gida ita ce 'yan'ubanci, kalmarmu ta abokiyar zama kuwa daga kishi aka cire ta, tatsuniyoyinmu kuma cike suke da 'yar bora da 'yar mowa. Faɗan da ke cikin Jiki Magayi ma tsakanin manema biyu ne, mai kuɗi da maras shi.

To mene ne matsayin Kyauta? Shi ne kaɗai a littafin yake aikata abin da bai san dalilinsa ba. Hannunsa yana ɗauka, ƙafarsa tana tafiya, har ta kai shi gidan da ya kamata ya fi kowane gida tsarki a wurinsa. Wannan ita ce siffar mutumin da ƙuryar zuciya ke tuƙawa. Amma bukatar da yake biya ba tasa ba ce, ta Abubakar ce, kuma an ƙulla ta tun kafin ya san hagunsa da damansa. Labarin ya kira wannan asiri. Mai karatun da bai gamsu da asiri ba yana da wata hanya a buɗe: sunan Kyauta laƙabi ne da akan ba ɗan da aka daɗe ana nema, irin ɗan da ba a tsawata masa, ga shi kuma ya tashi a gidan da aka kafa bisa abin da ba a son a tuna. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ke tuƙa shi daga wajensa ya zo, daga cikin abin da manya suka yi suka yi shiru.

Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi. Jiki Magayi ya ƙara da cewa kwikwiyon yana iya girma a cikin gidan, ya ci tuwon gidan, a kira shi ɗa. Mabiya Froid ba su iso wannan wuri sosai ba sai daga baya, lokacin da Nicolas Abraham da Maria Torok suka yi bayani a littafinsu na 1978 a Faransa cewa asirin da iyaye suka binne yana iya damun 'ya'yan da ba su taɓa jin labarinsa ba. Littafin da aka buga a Zariya a 1934 ya riga ya nuna haka ta hanyar labari.

7.0 Abin da Binciken Baya Ya Nuna

Adalci ne mu gaya wa mai karatu cewa ilimin barci ya wuce inda Froid ya bar shi. A 1953 Aserinsky da Kleitman suka gano a Shikago cewa akwai wani mataki na barci da idanu ke motsi da sauri, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki mai tsawo, jiki kuma yakan saki gaba ɗaya. Dannau, a bayanin likitoci, shi ne mutum ya farka alhali wannan sakin jiki bai gama warwarewa ba. A 1977 Hobson da McCarley suka kawo ra'ayin cewa mafarki ƙoƙarin ƙwaƙwalwa ne na haɗa labari daga saƙonnin da ke tasowa cikinta lokacin barci. A shekarun 1990 kuma binciken Elizabeth Loftus a Amurka ya nuna cewa ana iya dasa wa mutum tunanin abin da bai taɓa faruwa ba, wanda ya sa aka ƙara taka-tsantsan da masu cewa sun tono abin da aka danne.

Duk da haka wani yanki na maganar ya tsira. Daniel Wegner da abokan aikinsa sun nuna a 2004 cewa mutanen da aka ce su kauce wa tunanin wani mutum kafin su kwanta sun fi ganinsa a mafarki. Wannan ya fi kusa da zurfin ciki da zancen zuci bisa ga dannewar Froid, watau ya fi kusa da abin da tsofaffinmu ke faɗa.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa ra'in Froid yana haska barcin Malam Shaihu, yana kuma tilasta mana mu saurari shirun Zainabu, amma ba ya buɗe al'amarin Kyauta sai an gyara masa zama. Darasin da ke nan ga masu nazarin adabin Hausa shi ne a fara da kalmomin da harshen ya tanada, irin su haƙuri da kunya da zurfin ciki da alhaki da ƙulli, a auna ra'in baƙo da su kamar yadda ake auna su da shi. Akwai sauran aiki a wannan fage, musamman a littattafan soyayya da mata suka riƙa rubutawa a Kano tun daga shekarun 1980, inda 'yan'uwan Zainabu suka karɓi alƙalami suka fara faɗin abin da suke gani cikin barcinsu. Wanda zai yi wannan nazari zai amfana in ya fara da tambayar da Jiki Magayi ya bari a buɗe, watau a cikin gida mafarkin wa ake fassarawa, na wa kuma ake cewa a yi tofi a juya kwanciya.